Kuɗin Dimokuraɗiyya Daga Ƙetare: Ina Taimako Ya Tsaya, Ina Katsalandan Ya Fara?

A ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin wajensa, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan USAID, hukumar da ke raba wannan tallafi. Zuwa 1 ga Yuli an rufe hukumar, an mayar da ɗan abin da ya rage ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje.

A wajenmu abin da ya fara tayar da hankali shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, da na masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da abincin yara masu tamowa. Amma akwai wani kaso na kuɗin da ya bar jama'a cikin ruɗani, wato wanda ake kira tallafin bunƙasa dimokuraɗiyya. Shekara da shekaru gwamnatocin Rasha da Masar da Benezuwela suna cewa wannan kuɗi hanyar juya ƙasashe ce, Amurka tana musantawa. Sai ga shi makusantan shugaban Amurka, irin su Elon Musk, suna jifar waɗannan hukumomi da zarge-zargen da suka fi na Mosko zafi. A watan Fabrairu wani ɗan majalisar wakilan Amurka, Scott Perry, ya ce kuɗin USAID sun kai hannun ƙungiyoyin ta'adda har da Boko Haram. Jakadan Amurka a Abuja na lokacin, Richard Mills, ya ce babu hujjar hakan, majalisar dattawan Najeriya kuma ta nemi shugabannin tsaro su zo su yi bayani. A majalisun hira da zaurukan WhatsApp maganar ta cuɗe, aka haɗa agaji da leƙen asiri da sa ido kan zaɓe a tukunya ɗaya. Abubuwa ne mabambanta, kuma sai an rarrabe su kafin a iya auna zargin.

Me ake nufi da tallafin dimokuraɗiyya?

Kuɗi ne da gwamnatin wata ƙasa ke fitarwa daga harajin al'ummarta, domin a kashe shi a kan yadda ake zaɓen shugabanni da yadda ake sa musu ido a wata ƙasa dabam. Wani kaso yana tafiya ga hukumomin gwamnati, kamar horar da ma'aikatan hukumar zaɓe, ko ma'aikatan majalisa, ko alƙalan kotunan ƙararrakin zaɓe. Wani yana tafiya ga ƙungiyoyin farar hula da kafafen yaɗa labarai: masu bin diddigin kasafin kuɗi, masu wayar da kan masu zaɓe, lauyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, 'yan jarida masu bincike. Kaso mafi sarƙaƙiya shi ne wanda ya shafi jam'iyyu, inda ake koya musu tsara manufofi da horar da wakilan rumfa. Sai kuma tawagogin sa ido da ake turowa lokacin zaɓe.

Wannan ya bambanta da agajin jinƙai, ya kuma bambanta da matsin lambar diflomasiyya, irin hana biza da Amurka ta sanar a 2019 da 2023 kan wasu 'yan Najeriya da ta ce sun yi wa zaɓe zagon ƙasa. Idan aka kwatanta da kuɗin lafiya da abinci, kason dimokuraɗiyya ƙarami ne ƙwarai. Hayaniyarsa ce ta fi girmansa, domin ya taɓa kujerar mulki.

Masu bayarwa suna da yawa. A Amurka, baya ga USAID, akwai gidauniyar bunƙasa dimokuraɗiyya ta NED wadda majalisar dokoki ke ba ta kusan dala miliyan 300 a shekara, da cibiyoyi huɗu da ke ƙarƙashin inuwarta: NDI mai alaƙa da jam'iyyar Democrat, IRI mai alaƙa da Republican, ɗaya ta ƙungiyoyin ƙwadago, ɗaya ta 'yan kasuwa. Jamus na da gidauniyoyin jam'iyyunta, irin su Friedrich Ebert da Konrad Adenauer, waɗanda ke da ofisoshi a Abuja. Birtaniya ta kafa gidauniyar Westminster a 1992. Tarayyar Turai ma tana da nata shirye-shiryen, kuma tana cikin manyan masu tallafa wa harkar zaɓe a Najeriya.

Tushen abin

Ba za a fahimci shakkun ba sai an koma zamanin yaƙin cacar baka. A wancan lokacin hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, tana zuba kuɗi a asirce cikin jam'iyyu da ƙungiyoyin ɗalibai da na ƙwadago da mujallu a sassan duniya, domin daƙile tasirin Tarayyar Sobiyet, wadda ita ma take yin irin nata. A 1967 wata mujallar Amurka mai suna Ramparts ta tona cewa CIA ce ke ɗaukar nauyin ƙungiyar ɗaliban Amurka ta ƙasa, daga nan asirai suka riƙa fitowa. Abin ya taɓa Afirka kai tsaye. Wata ƙungiyar 'yancin al'adu mai suna Congress for Cultural Freedom, mai hedikwata a Paris, wadda ta tallafa wa dandalin marubuta na Mbari a Ibadan da babban taron marubutan Afirka na Makerere a 1962, ta tabbata cewa daga CIA kuɗinta ke fitowa. Da yawa daga waɗanda suka amfana ba su san haka ba sai bayan an gama.

Bayan wannan abin kunya aka fara neman hanyar yin aikin a fili. Misalin da aka duba shi ne na Jamusawa, waɗanda gidauniyoyinsu suka taimaka wa jam'iyyun Sifen da Fotugal lokacin da ƙasashen biyu ke fita daga mulkin kama-karya a tsakiyar shekarun 1970. A watan Yunin 1982 Ronald Reagan ya yi jawabi a gaban majalisar Birtaniya yana kiran a gina tubalan dimokuraɗiyya a duniya, a 1983 aka kafa NED. Allen Weinstein, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara dokar kafa ta, ya faɗa wa jaridar Washington Post a 1991 cewa da yawa daga abin da suke yi yanzu, CIA ce ke yin sa a ɓoye shekara 25 da suka wuce. Babu wata magana da masu suka suka fi kafa hujja da ita kamar wannan. Masu kare gidauniyar kuma suna karanta ta ta wata fuska: abin da aka fito da shi fili, ake buga sunayen masu karɓarsa, majalisa ke bincikarsa, ya daina zama aikin leƙen asiri.

A ƙasashen rainon Faransa labarin ya ratsa ta garin La Baule na Faransa, inda a watan Yunin 1990 Shugaba François Mitterrand ya shaida wa shugabannin Afirka cewa taimakon Faransa zai fi karkata ga masu buɗe ƙofar siyasa. Ana yawan cewa wannan jawabi ne ya haifi tarukan ƙasa na wancan lokaci. Lissafin kwanaki bai goyi bayan haka ba. Jamhuriyar Benin ta yi nata taron tun a Fabrairun 1990. A Yamai ma, ranar 9 ga wannan watan ne jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, kuma fushin da ya biyo baya, tare da yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago, shi ya tura gwamnatin Ali Saibou zuwa taron ƙasa na 1991. Wutar daga cikin gida ta tashi, na waje suka zo suka tarar tana ci.

Abin da masu shakku ke riƙe da shi

Hujjarsu ta farko tarihi ce. Ƙasar da ke wa'azin zaɓe a yau tana da hannu a kifar da Mohammad Mosaddegh a Iran a 1953 da Jacobo Árbenz a Guatemala a 1954, ta kuma yi shekaru tana yi wa gwamnatin Salvador Allende zagon ƙasa kafin sojoji su hamɓarar da ita a Chile a 1973. Dukansu ta hanyar tsarin mulkin ƙasashensu suka hau. Wani masanin siyasa, Dov Levin, ya ƙirga sau 81 da Amurka ta shiga zaɓen wata ƙasa domin fifita wani ɓangare tsakanin 1946 da 2000, Tarayyar Sobiyet da Rasha kuma sau 36.

Ta biyu, wadda ta fi tasiri a zukatan Musulmi musamman, ita ce ma'auni biyu. A Aljeriya jam'iyyar FIS mai ra'ayin Musulunci ta lashe zagayen farko na zaɓen majalisa a Disamban 1991, sojoji suka soke zaɓen a Janairun 1992, ƙasashen Yamma suka kawar da kai. A Janairun 2006 Hamas ta ci zaɓen Falasɗinu wanda masu sa ido na Yamma da kansu suka yaba da tsaftarsa, sakamakon da ta samu shi ne yanke tallafi. A Masar sojoji sun tuɓe Muhammad Mursi ranar 3 ga Yulin 2013. Dokar Amurka ta ce a dakatar da taimako ga ƙasar da soja ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati, sai gwamnatin Obama ta ƙi furta kalmar juyin mulki, domin akwai tallafin soja na dala biliyan 1.3 a shekara da ke tsakaninta da Alƙahira. Ta ɗan riƙe wasu makamai, a 2015 ta sake su.

Kusa da gida ma an ga irin wannan. Da Idriss Déby ya rasu a Afrilun 2021, sojojin Cadi suka ajiye tsarin mulki gefe suka naɗa ɗansa, Emmanuel Macron ya je jana'iza ya zauna kusa da sabon shugaban. Shekara biyu bayan haka, da sojoji suka tsare Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Faransa ce kan gaba wajen cewa sai an dawo da tsarin mulki. Amurka kuwa, mai sansanin jirage marasa matuƙi a Agadez a lokacin, ta yi sama da wata biyu kafin a watan Oktoba ta kira abin da sunansa. Mai sauraron rediyo a Maraɗi ko Damagaram ba ya buƙatar digiri kafin ya ga cewa da walakin.

Ta uku ita ce lokutan da aka kama aikin da hannu a cikin tukunya. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa USAID ta ƙirƙiro wani dandalin saƙonnin waya a Kyuba mai suna ZunZuneo, ta ɓoye hannunta ta hanyar kamfanonin bogi, da nufin tara matasa kafin daga baya a karkatar da su zuwa siyasa. A Afrilun 2002, sa'ad da aka kifar da Hugo Chávez na kwana biyu, shugaban IRI na lokacin ya fitar da sanarwar yabo. Irin waɗannan ba su da yawa idan aka kwatanta da dubban ayyukan da ake yi, amma ko ɗaya ya isa ya shafa wa sauran kashin kaji. A Najeriya tsohon shugaba Goodluck Jonathan ya zargi gwamnatin Obama da nuna son kai gabanin zaɓen 2015, yana nuni da saƙon bidiyon da Obama ya aiko wa masu zaɓe a watan Maris na shekarar.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Ba sa musun cewa mai bayarwa yana da muradi. Babu gwamnatin da ke kyauta da harajin talakawanta don Allah kawai. Abin da suke cewa shi ne muradin mai bayarwa da amfanin mai karɓa suna iya haɗuwa a wuri ɗaya: ƙasar da ake sauya mulki cikinta ta akwatin zaɓe ba ta cika fitar da 'yan gudun hijira ba, kuma ta fi daɗin ciniki.

Misalin da suka fi kawowa shi ne ƙidayar gwaji ta sakamakon zaɓe. Ga yadda take. Ana zaɓo rumfuna ta hanyar lissafi, yadda za su wakilci ƙasa baki ɗaya, daga kowace ƙaramar hukuma. A kowace rumfa akwai mai sa ido, sau da yawa malamin makaranta ko ɗalibi ɗan unguwar. Yana isowa kafin ma'aikatan zaɓe, yana nan har a juye akwati a ƙasa a riƙa ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ƙirgawa da baki, wani lokaci da hasken fitilar waya. Da an cike takardar sakamako an liƙa a bango, sai ya kwafe alƙaluman ya tura ta saƙon waya zuwa cibiyar tattarawa. Kafin hukumar zaɓe ta gama nata lissafin, masu sa ido sun san iyakar inda adadin gaskiya zai faɗa. Wanda ke shirin sauya lamba a tsakanin mazaɓa da jiha ya san akwai wani lissafi a hannun wasu.

A 2015 gamayyar ƙungiyoyin sa ido kan zaɓe ta Najeriya, TMG, ta yi wannan aiki da tallafin NDI, ta tabbatar da cewa alƙaluman da hukumar INEC ta sanar, waɗanda suka ba Muhammadu Buhari nasara a kan shugaba mai ci, sun dace da abin da aka gani a rumfuna. A 2023 ƙungiyar Yiaga Africa ta yi irinsa, ta ce sakamakon shugaban ƙasa da aka sanar daga jihohin Ribas da Imo bai dace da nata ba. Kayan aiki ɗaya ne, a wani zaɓe ya yi wa APC daɗi, a wani ya ɓata mata rai. Masu goyon baya suna cewa wannan shi ne shaidar cewa kuɗin ya tafi ga gyaran fili, bai tafi ga ɗan wasa ba.

Suna kuma tuna zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da 'yan jarida ke buga mujallu a ɓoye, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995, babu attajirin cikin gida da zai yarda a ga kuɗinsa a hannun lauyan kare haƙƙi. Suna kawo dokar rage shekarun tsayawa takara da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, wadda ta sauko da shekarun ɗan takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Matasan Najeriya ne suka yi fafutukar, 'yan majalisar Najeriya suka kaɗa ƙuri'a, amma kuɗin zirga-zirga zuwa majalisun jihohi ya samu gudummawa daga waje.

Game da juyin juya halin da aka yi a Sabiya a 2000, Jojiya a 2003 da Yukiren a 2004, waɗanda Mosko ke kira aikin Washinton, amsarsu ita ce kuɗi na iya sayen fosta da horo, amma ba ya fitar da dubban ɗaruruwan mutane titi cikin sanyin ƙanƙara idan ba a sace musu ƙuri'a ba. An kashe irin wannan kuɗi a Belarus shekaru da dama, amma shugabanta Lukashenko yana nan daram tun 1994.

Sukar da ke fitowa daga cikin gida

Akwai wata suka ta uku wadda ba ta cika shiga labarai ba, kuma waɗanda suka yi aikin ne ke yin ta. A ganinsu matsalar wannan kuɗi ta rauni ce fiye da ta makirci. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin taron wani otal a Kano ko Kaduna ya san siffar: kyalle a bango ɗauke da tamburan masu ba da kuɗi, takardar sa hannu tana zagayawa, shayi da ƙarfe goma sha ɗaya, a ɗau hoto, a karɓi kuɗin mota, a watse. Fuskokin da suka zo bitar shigar mata siyasa ranar Talata su ne za su zo ta yaƙi da cin hanci ranar Alhamis. Rahoton da za a aika Turai zai ce an horar da mutum kaza, kuma gaskiya ne an horar da su. Ko wani abu ya sauya a ƙaramar hukumarsu, wannan ba ya cikin abin da fom ɗin ya tambaya.

Dalilin haka yana cikin tsarin kansa. Ƙungiyar da ke rayuwa da tallafi tana ba da bahasi ne ga wanda ya ba ta kuɗi, ba ga mutanen unguwa ba. Wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi da Turancin da ake so shi ke samu, ko da ba shi da mabiya goma. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ta direbobi, ko majalisar malaman unguwa, waɗanda idan suka yi magana gari zai motsa, ba su san ƙofar ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: idan mai bayarwa ya sauya abin da ya fi damunsa a bana, ƙungiya ma za ta sauya, ko da abin da ke damun mutanenta ruwan sha ne da kuɗin makaranta. Kuma saboda masu bayarwa suna son a bar su su ci gaba da zama a ƙasa, sukan guje wa ayyukan da za su fusata gwamnati da gaske.

Su ma masu sa ido na ƙetare sun sha kunya. A Kenya a 2017 manyan tawagogi, ciki har da wadda tsohon sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ya jagoranta, sun nuna gamsuwa da yadda aka kaɗa ƙuri'a, sai kotun ƙolin ƙasar ta soke zaɓen shugaban ƙasa. A Malawi ma alƙalan cikin gida ne suka soke zaɓen 2019, aka sake shi a 2020.

Martanin gwamnatoci

Tun daga tsakiyar shekarun 2000 ƙasashe suka fara rufe ƙofa. Habasha ta yi doka a 2009 cewa ƙungiyar da ke samun sama da kashi 10 cikin ɗari na kuɗinta daga waje ba za ta taɓa aikin haƙƙin ɗan Adam ko na siyasa ba, dokar da aka sauya a 2019. Masar ta kai samame ofisoshin NDI da IRI da Konrad Adenauer da wasu a Disamban 2011, aka yanke wa mutum 43 hukunci a 2013, aka wanke su a 2018. Rasha ta yi dokar 'yan koren ƙasashen waje a 2012, ta kori USAID a shekarar, a 2015 kuma NED ta zama ƙungiya ta farko da aka ayyana a matsayin wadda ba a buƙata. Yoweri Museveni ya dakatar da asusun tallafin dimokuraɗiyya na ƙasashen Turai, DGF, a Yuganda a 2021. Mali ta haramta ayyukan ƙungiyoyin da Faransa ke ba kuɗi a Nuwamban 2022. Jojiya ta amince da tata dokar a Mayun 2024 duk da zanga-zangar da ta cika titunan Tbilisi. A Najeriya an kawo ƙudirin kafa hukumar kula da ƙungiyoyi masu zaman kansu a majalisar wakilai, ya sha suka a 2017 bai wuce ba.

Hujjar waɗannan gwamnatoci tana da ƙarfi a takarda. Amurka kanta tana da dokar rajistar wakilan ƙasashen waje tun 1938, ta haramta wa baƙi sa kuɗi a zaɓenta, kuma duniya ta ga yadda ta tayar da jijiyar wuya kan katsalandan ɗin Rasha a 2016. Abin da ba ka so a yi a gidanka, da wane dalili za ka yi a gidan wani? Tsarin mulkin Najeriya ma, a sashe na 225, ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje, ya ce a miƙa su ga hukumar zaɓe cikin kwana 21.

Inda maganar ke rauni shi ne wajen aiwatarwa. Dokar Amurka ta fi mayar da hankali kan wanda ke aiki bisa umarnin wata ƙasa, yayin da irin ta Jojiya ke liƙa wa ƙungiya suna don kawai kashi 20 cikin ɗari na kuɗinta daga waje yake, ko da gidan marayu take gudanarwa. A Rasha ƙungiyar sa ido kan zaɓe ta Golos tana cikin na farko da dokar ta faɗa wa, Memorial kuma, mai tattara tarihin waɗanda aka kashe a zamanin Stalin, kotu ta rufe ta a Disamban 2021. Sau da yawa gwamnatin da ke kukan kuɗin waje a hannun ɗan jarida ita ce ke karɓar ninkinsa a baitulmalinta da barikokinta. A nan ne masu suka ke cewa ana fakewa da guzuma ana harbin karsana. A Najeriya 'yan siyasa sukan yaba wa baƙi masu sa ido idan suna adawa, su juya musu baya idan sun hau: a Fabrairun 2019 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, ya yi gargaɗin cewa baƙin da suka tsoma baki za a mayar da gawarwakinsu, a 2023 kuma fadar shugaban ƙasa ta yi fatali da rahoton tawagar Tarayyar Turai.

Yadda za a iya rarrabewa

Tambayar ko mai bayarwa yana da manufa ba ta kai mutum ko'ina, domin amsar kullum e ce. Tambayoyin da ke da amfani sun fi wannan ƙanƙanta. Shin an bayyana wanda ya bayar, da nawa, da wanda ya karɓa? ZunZuneo ta faɗi wannan jarrabawar tun daga farko. Shin aikin zai amfani duk wanda ya ci zaɓe ta hanyar gaskiya, ko wani ɗan takara aka nufa? Idan an horar da wakilan rumfa na jam'iyya ɗaya an bar sauran, an tsallake iyaka. Shin ƙungiyar ta taɓa faɗar abin da bai yi wa mai ba ta kuɗi daɗi ba? Kuma shin tana da mutanen da za su tsaya mata idan kuɗin ya yanke?

Abin da ya rage wa talaka

Gudanar da zaɓe kansa ba zai tsaya ba. Najeriya ce ke biyan kuɗin zaɓenta, na 2023 ya ci sama da naira biliyan 300 daga baitulmali. Abin da zai ragu shi ne idanun da ke kallon zaɓen: yawan rumfunan da za a samu mai sa ido mai zaman kansa a 2027, shirye-shiryen rediyo da ake kiran shugaban ƙaramar hukuma ya amsa tambayoyin masu sauraro, lauyan da ke zuwa caji ofis kyauta idan an kama matashi kan abin da ya rubuta a Facebook. Turai ma tana rage nata, Birtaniya ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta sauko da tallafin ƙasashen waje zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na arzikinta domin ƙara kuɗin tsaro. A watan Yuli kuma Rubio ya umarci jakadun Amurka su daina yin tsokaci kan sahihancin zaɓukan wasu ƙasashe sai in akwai muradin Amurka a ciki.

Janyewar Yamma ba ta nufin filin zai zauna babu baƙo. Jam'iyyar Kwaminis ta Sin ta gina makarantar horar da shugabanni a Kibaha ta Tanzaniya, aka buɗe a 2022, domin jam'iyyu shida masu mulki a kudancin Afirka. A 2019 Facebook ya rufe shafukan bogi masu alaƙa da Yevgeny Prigozhin na Rasha, jagoran sojojin haya na Wagner, waɗanda ke aiki a ƙasashen Afirka, a 2020 kuma ya rufe wasu na Rasha da wasu masu alaƙa da sojin Faransa suna gwabzawa kan ra'ayin mutanen Afirka ta Tsakiya da Mali. Irin wannan kuɗi ba ya zuwa da kyalle a bango ko rahoton shekara.

Sauran zaɓin shi ne kuɗin gida, kuma shi ma yana da igiyarsa. Attajirin da kwangilarsa ke hannun gwamna ba zai ɗauki nauyin binciken kasafin kuɗin jihar ba. Jama'armu suna bayarwa ƙwarai, ga masallaci, ga marayu, ga maras lafiya a asibiti, amma ba a saba tara kuɗi don biyan mai sa ido a rumfar zaɓe ko ɗan jarida mai bincike ba. Wasu ƙungiyoyi sun fara gwada kuɗin mambobi da ƙananan gudummawa ta waya, wasu kafafen labarai na gwada neman tallafin masu karatu. Zaɓen 2027 shi ne na farko tun 1999 da Najeriya za ta shiga ba tare da USAID ba.